Littafin lanho ya zama littafin asali: neman tushen iyali a ƙauyukan Magariya da Dungas

Duk wanda ya taɓa zaunawa ƙofar gidan mai gari a ƙasar Magariya ko ta Dungas gab da faɗuwar damina, ya san irin shari'ar da ta fi yawa a wannan lokaci: shari'ar gona. Wannan ya ce kakansa ne ya sare dajin, wancan ya ce aro aka ba kakan, kuma aro ba ya zama gado. A nemi dattawan da suka ga abin da idonsu, a tarar ƙasa ta rufe masu ido. A nemi takarda, a ce ai mutanen dâ ba su san takarda ba. Daga nan sai rantsuwa da Alƙur'ani, sai gaba ta shiga tsakanin ƴan'uwa na jini, gabar da kan bi zuri'a har jikoki.

To amma da gaske ne babu takarda? Akwai ta, jama'a. Tun zamanin Nasara ake rubuta sunayen mutanen ƙauyukanmu, gida gida, mace da namiji, babba da yaro. Ba don ƙaunarsu aka rubuta su ba, don a karɓi lanho ne. Sai ga shi yau wannan littafi da kakanninmu suka riƙa gudu, shi ne tsohuwar shaidar da ta rage ma jikokinsu. Abin da muke son mu bayyana ma masu karatu ke nan: ina waɗannan littattafai suke, me ke cikinsu, yaya ake karanta su, kuma a ina suke yaudarar mai karatu.

Ƙidaya iri biyu ce

Wajibi ne mai bincike ya fara bambanta ƙidaya iri biyu, don mutane da yawa kan ɓata lokacinsu da kuɗin motarsu suna neman abu inda ba ya nan.

Ta farko ita ce babbar ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka yi a 1977, da 1988, da 2001, da kuma watan Disamba na 2012. A 1977 an sami ƴan Nijar miliyon 5 da ɗoriya. A 1988 sun haura miliyon 7. A 2001 miliyon 11. A 2012 kuwa 17.138.707. Irin wannan ƙidaya lissafi take fitarwa, ba sunaye ba. Doka ta hana Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, ta bayyana abin da wani magidanci ya faɗa ma ma'aikacin ƙidaya. Abin da za ka samu a wurinta shi ne kundin garuruwan ƙasa da ta buga a 2014, wanda ke nuna kowane gari da ƙauye da ruga, da yawan mutanensa maza da mata, da yawan gidajensa. Yana da amfani don sanin girman gari, amma sunan kakanka ba ya ciki.

Ko a ƙasashen Turai da Amurka, sai an daɗe ake buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunaye. Amurka tana jiran shekara 72, shi ya sa sai a 2022 ta buɗe na ƙidayar 1950. Ingila tana jiran shekara 100, ita ma a 2022 ta buɗe na 1921. Faransa tana jiran shekara 75. A can mutane kan yi tururuwa su duba sunayen iyayensu da kakanninsu.

Ta biyu ita ce ƙidayar bariki, wadda ake kira recensement administratif da Faransanci. Ita ce ƙidayar lanho. Ita ke da sunaye, kuma ita ce abin nemanmu.

Yadda aka rubuta kakanninmu

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, kuma birnin ya zama hedkwatar ƙasar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Mulkin nasu ya dogara ga abu uku da yake karɓa daga talaka: kuɗin lanho, da ƙarfin jiki na aikin tilas, da samari na aikin soja. Dukkan ukun kuwa ba su samuwa sai an san yawan mutane. Saboda haka kumandan, ko mataimakinsa, ko wani magatakarda, yakan hau doki da rani ya bi ƙauyuka tare da tafinta da gardawan bariki da wakilin sarki. A tara gari ƙarƙashin inuwar itace, a kira kowane mai gida ya fito da iyalinsa a jere, a rubuta.

Kowane gari da littafinsa, kowane gida da lambarsa. A sama sunan mai gida, ƙarƙashinsa matansa, kowace mace da ɗiyanta, sa'an nan ƙanne da barori da duk mai ci a tukunyar gidan. Gaban kowane suna akan sa sunan uba da na uwa, da shekarar haihuwa, da alamar ko ya isa biyan lanho ko bai isa ba. Akan yafe ma ƙananan yara da tsofaffi tukuf da naƙasassu. A gefe kuma akwai gurbin dabbobi: shanu, dawaki, jakuna, raƙuma, tumaki da awaki, don su ma ana biya masu. Gurbi na ƙarshe shi ne na ƙarin bayani, kuma mai bincike ya fi samun riba a nan. Can ne magatakarda kan ja layi bisa suna ya rubuta: ya rasu, ta yi aure a gari kaza, ya tafi Najeriya, ya ware ya kafa gidansa.

An soke aikin tilas a 1946, ƙasa ta sami ƴancin kai a 1960, amma ƙidayar bariki ba ta tsaya ba. Daga 1964, da Magariya ta zama arondisma, ofishin sufurefe ne ya ci gaba da riƙe littattafan, yana ba kowane mai gida takardar iyali. Gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauke ma talakawa lanhon kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, amma harajin gunduma ya saura, daga baya ya koma hannun ƙananan hukumomi bayan zaɓensu na 2004. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai nema: mutumin Malawa ko na Guci da ke neman littafin garinsu na 1960 ko na 1975, ƙarƙashin sunan Magariya zai neme shi, don a lokacin nan ita ce uwar gunduma.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

Lissafi ya isa amsa. A ƙidayar 2001 tsohuwar gundumar Magariya, har da Dungas a ciki, tana da mutum 496.874. A ta 2012 Magariya kaɗai tana da 577.743, Dungas kuma 353.867, wato sama da dubu 930 in an haɗa su. Mutane sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ko taki ɗaya ba. Gonar da kaka ya noma shi da ƴaƴansa a gandu guda, yau jikoki ashirin ke kallonta. Fadamun Korama da ake noman rake da kayan lambu, a Bande da Waca da Guci, darajarsu ta hau. Ɗan kasuwa da ya sayi fili bai san cewa akwai magada goma da ba a shawarta ba, sai ranar da sammaci ya iske shi a shagonsa.

Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona bisa al'ada, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira COFO, tun daga gunduma har ƙauye, masu ba da takardar shaidar gado ko saye ko aro ko jingina. Amma kafin kwamiti ya rubuta cewa wane ya gaji wane, sai an tabbatar wa ya haifi wa. Haka nan sarautar gargajiya: masu gidajen da aka ƙidaya a gari su ke zaɓen mai gari, kuma mai neman sarautar kanto sai ya nuna shi ɗan gidan ne. Haka nan ma'aikacin da aka haifa kusa da iyaka, wanda ranar neman takardar zama ɗan ƙasa za a ce ya kawo shaidar inda aka haifi ubansa. Duk waɗannan hanyoyi suna komawa ga tsohon littafin lanho.

Inda littafin ke yin ƙarya

Mai bincike ya riƙe wannan da kyau: littafin da aka rubuta don karɓar kuɗi, mutane sun yi iyakar ƙoƙarinsu su ɓace daga cikinsa. In labari ya zo cewa kumandan na tafe, akan tura samari daji da dabbobi, a ɓoye ƴan mata cikin rumbu ko a kai su ƙauyen dangi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a ce bai kai goma ba. Dattijo mai sauran ƙarfi a ƙara masa shekaru don a yafe masa. Saboda haka rashin ganin suna ba ya nufin mutumin bai rayu a garin ba. Ganin sunan ne shaida, rashinsa ba shaida ba ne.

Na biyu, shekaru. Kusan kowa an rubuta masa né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza. Magatakarda kan dubi fuska da tsawo ya yanke. Za ka iske mutum guda an ce 1915 a wani littafi, a na gaba an ce 1921. Maganin wannan shi ne a auna da abubuwan da kowa ya riƙe: shigar Nasara Damagaram a 1899, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, soke aikin tilas a 1946, ƙuri'ar raba gardama ta 1958, juyin mulkin 1974, yunwar El Buhari ta 1984. In tsohuwa ta ce mahaifinta yana goye a shekarar Kakalaba, ta fi littafin gaskiya. Ma'aikatan babbar ƙidaya da kansu da irin wannan jerin abubuwan tarihi suke kintata shekarun mutane.

Na uku, sunaye. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta. Muhammadu ya zama Mahaman a nan, Mamane a can, Maman a wani wuri; Yusufu ya zama Issoufou; Usumanu ya zama Ousmane ko Oumani ko Mani. Ga kuma al'adarmu ta alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji, sai a ba da laƙabi. Mutum guda ya fito Ɗanjuma a wannan ƙidaya, Adamu a waccan, Malam bayan ya yi karatu, Alhaji bayan ya sauke farali. Abin da ke hana ɓata shi ne sunan uwa, da jerin ƴan'uwan da ke kewaye da shi, don da wuya gida biyu su yi tarayya a duka.

Na huɗu, gandu. Wanda aka rubuta ƙarƙashin mai gida ba lalle ɗansa ne na cikinsa ba. Yana iya zama ɗan ƙane, ko agola, ko ɗan riƙo, ko almajiri, ko bara. In magatakarda ya yi gaggawa sai ya sa duka a matsayin ƴaƴa. Nan ne gardamar gado kan samo tushe, kuma nan ne ya kamata a tambayi tsofaffin mata kafin a yanke magana.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma: littafin ƙidaya ya lissafa mutane da dabbobi, bai lissafa gonaki ba. Zai iya nuna cewa gidan wane yana garin nan a shekara kaza, da ƴaƴa kaza, maza da mata. Ba zai ce gonar da ke gabas da gawon nan tasa ce ba. Wanda ya ɗauke shi ya kai gaban alƙali a matsayin takardar gona, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Iyaka ta ratsa cikin dangi

Ƙasar nan tana da wata matsala ta daban. Magariya da Yekuwa suna cikin garuruwan da gidan sarautar Haɓen Daura ya zauna bayan jihadi ya fitar da shi daga birnin Daura a farkon ƙarni na 19, tare da Zango da Ɓaure waɗanda yau suke Najeriya. Dungas da Waca kuwa ƙasashen Sosebaki ne, da Damagaram ta rinjaya a cikin wannan ƙarni. Da Faransa da Ingila suka daidaita a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka a shekarun da suka biyo baya, sai layin ya bi ta tsakiyar dangi. Baturen Amurka William Miles, wanda ya koyar a Magariya a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta littafi guda a 1994 a kan Yekuwa ta Nijar da Yardaji ta Najeriya, garuruwa biyu maƙwabta masu harshe ɗaya da addini ɗaya, da mulkin Turawa biyu ya raba.

Ga talakan wancan zamani iyakar nan mafaka ce. In lanho ya yi nauyi, ko aka zo kamun soja, ko aikin tilas ya tsananta, sai gida guda ya kwashe da dare ya ƙetara. In abu ya lafa wasu su dawo, wasu su zauna can. Daga baya fataucin gyada, zamanin da kamfanin SONARA ke saye, da cin rani a Kano, da kasuwannin Maigatari da Babura, sun ci gaba da jan mutane. Don haka in gida ya ɓace daga littafin garinku tsakanin ƙidaya biyu, kada ka ce ya ƙare. Nemi reshensa a ƙasar Daura ko Kazaure ko Gumel. Turawan Ingila ma sun bar rahotannin kimanta haraji na gundumomin can, suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna.

Ta ina za a fara

Mafari gida ne. A zauna da tsofaffi, musamman mata, don su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita da ciki. A tambayi liman, da wanzamin gidan, da maroƙan da suka gaji kirarin zuri'a. A rubuta komai da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Sa'an nan a buɗe tsohuwar adaka: takardar iyali, rasiɗin lanho, littafin tsohon soja, katin sayar da gyada, da ƴan rubuce-rubucen ajami da malamai kan yi a bayan littafi ranar haihuwa ko rasuwa. Lambar gida da ke kan takardar iyali ita ce mabuɗin littafin bariki.

Mataki na biyu, ofishin ƙaramar hukuma da na furefe. A rubuta takardar neman izini, a faɗi sunan gari da na mai garin wancan lokaci, don garuruwa da yawa da sunan mai garinsu aka rubuta su, wasu kuma sun canza suna ko sun rabu biyu. A fara da littafi mafi sabunta, inda ka san kowa, a riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake mai gida a littafin 1980, za ka same shi yaro ƙarƙashin ubansa a na shekarun 1950, uban kuma an rubuta sunan nasa uban. Da littafi uku sai ka haɗa zuri'a huɗu. Wanda ya fara daga mafi tsufa kuwa, cikin sunaye masu kama da juna zai nutse.

Mataki na uku, Yamai. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana riƙe da rahotannin rangadin kumandoji da bayanan da suka rubuta a kan kantuna: asalin gari, jerin masu sarautarsa, dalilin ƙaurar mutane. Cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da ɗakin karatu da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19, da na M. G. Smith na 1978 a kan sarautar Daura, da bayanan tarihi da tafinta Landeroin ya tattara a tawagar Tilho mai shata iyaka, za su taimaka wajen sanin zamanin da ake magana. Wasu takardun kuma suna Dakar, hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa a dâ, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa.

Abin da aka tono, a san yadda za a riƙe shi

Mai tonon asali ya shirya ma abin da bai zata ba. Zai iya iske sunan wata gwaggo da aka manta da ita ranar rabon gado, alhali shari'ar Musulunci ta ba ɗiya mace rabonta, kuma ƴaƴanta suna nan da rai. In haka ta faru, gaskiya ta wajabta a kira su. Zai iya iske kuma cewa wani gida da ake girmamawa yau, an rubuta kakansu a matsayin bawa ko baran wani. Dokar ƙasa ta 2003 ta mai da bauta babban laifi, kuma babu wanda ya zaɓi cikin da zai fito. Wanda ya ɗauki irin wannan shafi ya kai dandali don ya tozarta maƙwabcinsa, ko ya ɓata auren ɗiyar wani, ya ci amanar ilimi. A nemi abin da ya shafi gidanka, a rufa ma sauran asiri.

Kira ga hukuma da masu hali

Babban abokin gabar wannan aiki ba mutum ba ne: gara ce, da ɗigar rufi, da ɓera, da ƙaurar ofis daga wannan gini zuwa wancan. Littafin gari kwafi guda ne. In ya lalace, sunayen mutum ɗari biyar sun tafi ke nan har abada. Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Akwatin ƙarfe, da ɗaki marar yoyo, da ma'aikaci guda da zai jera littattafan kanto kanto ya rubuta jerinsu, sun isa farawa. Wayar hannu da ke aljihun kowa tana iya ɗaukar hoton littafin gari guda cikin yini ɗaya, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma, wani a fadar sarki, wani a Damagaram.

Ƴan kasuwar ƙasar nan da ke Damagaram da Yamai da Kano sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi a garuruwansu, Allah ya saka masu. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari su ƙara wannan a cikin ayyukansu. Ma'aikatan bariki kuma, waɗanda makullan ɗakunan ke hannunsu, su tuna cewa sunayen nasu kakannin ma suna cikin tarin takardun nan da ƙura ta rufe. Ɗaliban tarihi na jami'ar Damagaram ga fagen bincike a ƙofar gidansu.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya je ya zauna da su da alƙalami tun kafin damina ta faɗi, don littafin bariki yana iya jiran wata shekara in gara ta ƙyale shi, amma tsoho ba shi da wannan alkawari. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa kan zuri'arsu.